Kwalin buri a shagon ɗinki, abin da na gani tun 2023

Duk ƙarshen Disamba sai ku ga status ɗin WhatsApp ya cika da hotunan kwali, kowa ya yanko hoton mota da gidan sama da jirgi ya manna da gam, wai burin sabuwar shekara. Ni ma ina yi, tun farkon 2023 nake yi kuma ban daina ba, sai dai kwalin da ke shagona yanzu ba shi da kyan da za a ɗora a status, duk rubutun fensir ne da goge-goge.

Na farkon kam ya yi kyau wallahi. Farin kwali, a tsakiya hoton keken Juki na wuta irin na manyan teloli, gefe hoton shago mai ƙofar gilashi, ƙasa na rubuta rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, duka na sa musu Disamba. To sai shekarar ta zo da nata. Daga Janairu zuwa Maris canjin kuɗi ya riƙe kowa, kwastoma ta ce ta yi taransifa alat bai shigo ba, ki je wajen mai POS ya yanki nasa kafin ya ba ki kuɗinki, ga mai zare da mai zif su kuma sai tsaba. Ranar 29 ga Mayu Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a Yuli ta wuce 600. A Yuni kuma babban banki CBN ya saki naira, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta haura 1,500. Keken nan daga waje ake shigo da shi, duk inda dala ta taka nan yake sa ƙafa, shi kuwa hoton da ke bango ko gezau, kullum yana nan fes kamar ranar da na manna shi.

A nan na gane hoto shi kaɗai daɗi yake ba mutum, kuma daɗin ne matsalar, ki kalle shi da safe ki ji kamar kin riga kin yi rabin tafiya alhali ko sisi ba ki ajiye ba. Ƙanina da ke jami'a ne ya ba ni labarin wani bincike da Lien Pham da Shelley Taylor suka yi a jami'ar UCLA ta Amurka, an buga shi a 1999. Ɗalibai ne masu jiran jarrabawa, aka ce wasu su riƙa ɗaukar 'yan mintuna kullum suna hango kansu sun ci maki mai yawa, wasu kuma su riƙa hango kansu suna zaune suna karatun, a ina, da wane lokaci. Waɗanda suka hango karatun su suka fi zama su yi shi, kuma su suka fi cin maki. Na ce masa ai ko ba Bature na san wannan, na gani a bangon shagona.

Shi ya sa yanzu ƙarƙashin kowane hoto akwai layi biyu. Na farko farashi ne, da fensir, duk sanda na shiga kasuwa sai na tambaya na dawo na goge na sake rubutawa. Na biyu da biro yake, shi ne abin da ke hannuna: zubin adashi na kullum, da yawan kayan da zan gama a mako in har ina so zubin ya fita ba tare da na taɓa kuɗin yadin mutane ba. Dala ba ta san da zamana ba, amma uwar adashi ta san ni, in yamma ta yi za ta aiko.

Babban abin da ya canja mini lissafi kuwa shi ne kalanda. Mu teloli shekararmu ba a Janairu take farawa ba, azumi ne ke jan ta. A 2023 an ɗauki azumi 23 ga Maris aka yi sallah 21 ga Afrilu, a 2024 aka ɗauka 11 ga Maris sallah 10 ga Afrilu, a 2025 kuma 1 ga Maris sallah 30 ga Maris, kowace shekara yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya. To in kika rubuta "sabon keke kafin Disamba" me kika yi? Kin saye shi bayan ɗinkin sallah biyu ya wuce ki, sai ɗan na bikin ƙarshen shekara. Keken da zai biya kansa da wuri shi ne wanda ya shigo shago kafin Sha'aban, hannunki ya saba da gudunsa kafin atamfa da shadda da leshi su fara taruwa, don keken wuta ba ya jiran mai koyo, kina ɗan danna ƙafa ya cinye miki rabin kabu. Saboda haka nake roƙon a sa mini kwasar adashi wajen Rajab, kuma nake rubuta sabon kwali a Muharram, bayan babbar sallah, lokacin da kasuwa ta yi sanyi mutum yake da sukunin zama ya yi tunani. Satumba kuma na ware ta ga yunifom ɗin 'yan makaranta, ba ɗinkin gayu ba ne amma shi ke riƙe haya.

Akwai kuma abin da hoto ba ya nunawa. Hoton Juki bai zo da hoton wuta ba. A Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit, mu da ba ma cikinsu kuma wutar ce ba ma gani, janareto ga tsadar mai. Keken ya shigo daga baya, alhamdulillahi, amma a goman ƙarshe na azumi, ƙarfe biyun dare, fitila mai caji a rataye a ƙusa tana neman mutuwa, tsohuwar Butterfly ta ƙafa ce dai ke fitar da mu kunya. Duk mai shirin sayar da tata don ta cika kuɗin na wuta, ni dai ban ba ta shawara ba.

Maganar inda za a kafe kwalin ma sai da muka yi da Umma. Ta leƙo shago ta gan shi a fili ta ce, "Ke yanzu duk mai shigowa sai ya karanta cikinki? Baki fa ba ƙarya ba ne." Na ce to Umma, na mayar da shi bayan labulen da ake gwada kaya. Ko an ajiye batun baki da ido gefe, kwastomar da ta ga kina tara kuɗin keke ita ce gobe za ta ce ki yi mata haƙuri sai ƙarshen wata, ai kina da shi. A samansa na rubuta in sha Allah, kamar yadda aya ta 23 da 24 ta Suratul Kahfi suka koyar, kuma ba na manna hoton mutum.

Yaran da ke koyon ɗinki a wajena su ma sun ce sai sun yi nasu. Ɗaya ta kawo nata duk rigunan amare ne masu jela da duwatsu, ita da har yanzu hannun riga ke ba ta wahala, kullum sai ya tattare a hammata. Na ce ta cire su. Ta ɓata rai ta ce, "Anti to ni me zan manna?" Na ɗauko hannun rigar da ta farke jiya, na soke shi da fil a tsakiyar kwalin, na ce ta rubuta a ƙasa: hannu ɗaya kullum a kan ƙyallen da ya rage, kafin ta taɓa kayan kowa. Ta yi kwanaki ba ta gaishe ni da fara'a, amma kafin sallar nan ta fara haɗa hannun rigunan yara ba tare da na duba ba, har na bar mata na wasu 'yan biyu ta yi ita kaɗai.

Na bana abu biyu ne kawai a kai, sola da injin kashe bakin yadi, kuma kwasa ɗaya ba za ta ɗauki duka ba. Yaran suna son injin don sun gaji da kai kaya shagon maƙota suna bin layi, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da solar saboda daren azumi. Mun bar shi sai na ji farashin batir a satin nan.