Wanda Ya Rubuta Ba Shi Ne Zai Sa Hannu Ba

Mu 'yan kaɗan ne a Garuwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da muka haɗu muna rubuta jagorar noma da Hausa a intanet, inda kowa yake kawo abin da ya sani game da albasa da auduga da masakwa, wato dawar rani da ake dasawa a laka bayan ɗaukewar ruwa. Da farko duk wanda ya rubuta abu sai ya wallafa shi kai tsaye, har ranar da wani ya fassara umarnin feshin magani daga Faransanci, ya rubuta lita a inda ya kamata ya rubuta mililita. Allah ya taƙaita, wani manomi a cikinmu ya lura kafin kowa ya yi aiki da shi.

Tun daga ranar muka kafa ƙa'ida cewa babu wanda zai amince da rubutun kansa, ko da kuwa shi ne ya assasa aikin. Gyaran harafi ko waƙafi mutum ɗaya ya isa ya duba shi, amma duk abin da ya shafi awon magani ko lokacin shuka sai mutum biyu sun sa hannu, kuma dole ɗayansu ya kasance mai noma abin da hannunsa. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. Wikipedia ta Jamusanci tun 2008 take ɓoye gyaran sababbin shiga daga idon mai karatu har sai wani gogagge ya duba, masu rubuta manhajar Linux kuwa tun 2004 kowane gyara yake zuwa da sa hannun wanda ya kawo shi, domin a san wanda za a tambaya idan matsala ta taso.

Wahalar da ban yi tsammani ba ita ce kunya. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya haɗa ido da babba, yaya za a yi ya mayar wa malaminsa da rubutu ya ce akwai kuskure? Na ga matashi ya sa hannu a kan abin da ya san ba daidai ba ne, da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Yaya, ai ba zan iya ce wa Baba Alhaji ya yi kuskure ba." Saboda haka muka wajabta wa mai dubawa ya rubuta hujjarsa, ko ya karɓa ko ya mayar, kuma ya yi magana a kan jimlar da ke gabansa kawai. Ga mamakina, dattawan sun fi matasan karɓar gyara da sauƙi.

Musun kalmomi ya ci mana lokaci fiye da kima, domin wani ya saba da aron Faransanci, wani da na Fulatanci, wani kuma yana son Hausar Kano zalla, ga kuma saɓani a kan harafin 'y na Najeriya da ƴ na Nijar. Mun zaɓi salo ɗaya mun rubuta shi, kuma mun hana a tsare rubutu saboda wannan dalili kaɗai.

Abin da ya rage mana shi ne jinkiri. Mun ce mai dubawa yana da kwana 7, in ya wuce a miƙa wa wani, amma da damina kowa yana gona, kuma shafina na ajiyar albasa yau mako uku ke nan yana jiran hannu na biyu.