Ajin da ake dariya ba a tambaya

Jama'a ni fa akwai abin da yake damuna game da yaranmu na sakandare a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, musamman masu ɗaukar bayoloji. Kowa so yake ɗansa ya ci shahada, wato jarrabawar gama sakandare, da maki mai yawa ya shiga likitanci, in abin bai yiwu ba sai a ce malami ne ko littafi, ba wanda yake tambayar yaya zaman ajin yake.

Ƙanwata tana aji uku ɓangaren kimiyya, a gida bakinta ba ya shiru wallahi, amma a aji ko tari ba ta yi. Wata rana ce ta ɗaga hannu tana tambayar me ya sa ƙwayar maleriya take fara zuwa hanta kafin ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, Larabcin ya ɗan karkace irin namu na gida, aka kwashe da dariya, wata daga baya ta ce "Fallatiya", sunan da ake kiran 'yar asalin Afirka ta Yamma irinmu a nan. Malama ko juyowa ba ta yi ba, ta ci gaba da rubutu a allo. Tun ranar hannun bai sake tashi ba.

Ita kuwa bayoloji hadda kaɗai ba ta isa, sai ka tambaya ka sake tambaya. Abin haushin ma yaranmu sun san abubuwan nan da idonsu, cutar kala-azar mai zazzaɓi da kumbura saifa ga ta nan a ƙauyukan jihar, ɗan mitsitsin ƙudan da ke kawo ta yana son wajen aduwa da baƙar ƙasa mai tsagewa, wanda ya taso yana zuwa gona ya fi kowa labari amma tsoron dariya ya rufe masa baki. Babin haihuwa kam kar ma a yi magana, 'yan mata ne zalla a ajin amma kowa ta sunkuyar da kai.

Ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, mutanen Khartum da Madani suka cika gari, makarantu suka zama masauki, da aka buɗe kuma aji ya cushe, baƙi gefe 'yan gari gefe.

Yanzu dai bayan la'asar ƙawayenta suke taruwa a tsakar gidanmu kan tabarma, Hausa da Larabci a cakuɗe, jiya musu suke ta yi kan waken Mendel na darasin gadon halitta da yadda kuromosom 46 na ɗan Adam yake komawa 23 a ƙwayoyin haihuwa, har Inna ta leƙo ta ce "ku faɗa kuke ko karatu?"