Ku naɗi muryar tun harshe bai yi nauyi ba

Yayana malamin firamare ne, irin wanda muryarsa ke kaiwa bencin ƙarshe ba tare da ya ɗaga ta ba. Da ciwon ya fara, magana ta koma fita ta hanci, harshe ya yi nauyi, in ya sha ruwa ya ƙware. A gida kowa da fassararsa, wannan ya ce sammu, wancan ya ce iska. Likitan jijiyoyi ne ya ba abin suna: ALS, cutar da ke kashe jijiyoyin da ke kai wa tsoka umarni, wadda ta kama masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking. Likitan ya ce da yawa daga masu ita hankalinsu na nan garau, kuma ido kan daɗe yana aiki bayan hannu da baki sun gaza. Sannan ya ce mu fara naɗar muryar Yaya, kada mu jira.

Yaya bai so ba. "Kai dai ka cika fitina," in ji shi, "ko ka ji an ce gobe zan tafi?" Na ce, "Yaya, ajiya ce kawai, ba ta cin abinci." Da ƙyar ya yarda.

Da safe muke yi, bayan ya karya, domin da yamma muryar ta riga ta gaji. A kashe fanka, a rufe taga, a roƙi maƙwabci ya dakata da janareto. Waya kawai na yi amfani da ita, kowace jimla da fayil ɗinta da sunanta. Da farko abin da ya zo mana shi ne na bukata: a ba ni ruwa, a juya ni, ina jin zafi. Matarsa ce ta ce ai wannan ba shi ba ne, mara lafiya ne kawai. Sai muka shiga naɗar gaisuwarsa, da yadda yake kiran kowane yaro, da "Allah ya yi albarka", da "Kai, wa ya aike ka?" da yake yi wa ƙaramin ɗansa, har da dariyarsa. Yau waɗannan ne aka fi dannawa. Na ɗora su a wata manhaja mai maɓallai, kowane maɓalli da muryarsa a ƙarƙashi.

Akwai abin da ya fi wannan ci gaba, wato a koya wa na'ura muryar mutum ta riƙa faɗin duk abin da ya rubuta, ko da bai taɓa furta shi ba. A 2023 Apple ya sa irin wannan a iPhone, mutum ya karanta jimloli 150 wayar ta kwaikwayi muryarsa, kuma da Turanci aka fara. A shekarar ce kuma Meta ya fitar da manhajojin karanta rubutu da murya a harsuna sama da 1,100, har da Hausa. To amma muryar wani ce can, ba ta Yaya ba. Wasu manhajojin da muka gwada kuwa, in ka rubuta musu Hausa sai su karanta ta kamar Bature ya tsinci wasiƙar ƙauye. Yaya ya yi dariya har ya ƙware, muka ajiye su.

Da yatsu suka daina iya dannawa, sai aiki ya koma ga ido. Akwai na'urorin bin ido irin na kamfanin Tobii Dynavox: suna haska ido da wani haske da ba a gani, kyamara ta gano inda mutum ke kallo a allo, in ya tsayar da ido a kan harafi ya shiga. Kuɗinsu dubban daloli ne, suna son wuta, kuma hasken rana mai ƙarfi na rikita su. Mu allon kwali muka yi, aka rufe shi da leda.

A nan na fi koyon abu. Mun fara da yarjejeniyar "eh" da "a'a": ya kalli sama, eh ke nan. Ba mu ɗauki ƙiftawa ba, tunda ido kan ƙifta da kansa. Layin farko na allon ba haruffa ba ne, bukatun gaggawa ne, yawu, numfashi, ƙaiƙayi, juyi. Layi na biyu wasula. Sai baƙaƙe, da ɓ da ɗ da ƙ a gurabensu, kuma sh da ts kowanne gida guda, don a rage masa wahala. Ina nuna layi yana zaɓa, sannan in bi haruffan ciki ɗaya bayan ɗaya. Dole mai nunawa ya riƙe biro, in ba haka ba kafin a kai kalma ta uku ya manta ta farko. Kuma a nemi izini kafin a ƙarasa masa magana. Baƙi sun fi kowa saɓa wa wannan, harafi biyu ya fito sun riga sun yanke abin da yake nufi, ko su juya su tambaye ni, "Yana gane mu kuwa?" yana zaune yana jin su. Wannan na ƙona masa rai fiye da jinkirin.

Ina bin labarin abin da ake yi a Amurka, kuma ya ƙara nuna mini darajar waɗancan fayiloli. A Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, ƙungiyar Edward Chang ta ɗora wa Ann Johnson, wadda shanyewar jiki ta hana magana tun 2005, wani faifai mai wayoyi a saman ƙwaƙwalwa. A 2023 suka ba da rahoton kwamfuta na fassara yunƙurin maganarta da saurin kalmomi 78 a minti. Muryar da aka ba ta daga bidiyon bikin aurenta aka ciro. A reshen jami'ar na Davis, an dasa wa Casey Harrell, mai ALS, ƙananan wayoyi 256, kuma rahoton 2024 ya nuna kusan kashi 97 cikin ɗari na kalmomin na fita daidai. Shi ma da tsofaffin maganganunsa da aka naɗa kafin ciwo aka gina tasa muryar. Duk wannan gwaji ne a kan mutane ƙalilan, da tiyatar buɗe ƙoƙon kai, ba abin da za a saya a kanti ba. Amma ko su, da duk kayan aikinsu, sai da suka koma neman tsohon sauti.

Shi ya sa ban tsaya ga gajerun jimloli ba. Na bar waya a kunne yana ba da labarin zamaninsa na kwalejin horon malamai, yana karanta littafin aji uku, yana gardamar ƙwallo. Masu gina murya magana mai tsawo da tsabta suke so. Na ajiye kwafi a waya, da katin ajiya, da intanet.

Wanda nasa ya riga ya rasa magana, ya duba saƙonnin murya na WhatsApp a wayoyin dangi da abokan aiki, da bidiyon ɗaurin aure ko suna. A kwashe su zuwa wani wuri kafin wani ya sauya waya ko ya goge don samun fili.