Na Tafi Neman Sarauta a Sunanmu, Abarshi

Tun ina firamare nake rubuta Abarshi a bayan sunana, amma ban taɓa tsayawa na saurari abin da kalmar take faɗa ba. Sai da aka yi mini haihuwar fari, na zauna zan cike takardar haihuwar yarinyar, na iso gurbin sunan dangi, biro ya tsaya. Sunana zan sa mata, kamar yadda aka saba ɗa ya bi sunan ubansa, ko in miƙa mata Abarshin nan da ni kaina ban san mafarinsa ba? Na ninke takardar na ce sai na bincika.

Gaskiya akwai abin da nake fatan in tarar. Sau da yawa idan na faɗi sunana a taro, sai wani ya ce, "Kai ɗan gidan sarautar Yawuri ne?" Ni kuwa ba na cewa e, ba na cewa a'a, murmushi kawai nake yi. An yi Sarkin Yawuri Abdullahi Abarshi, wanda ya yi mulki daga 1888 zuwa 1904, kuma zuriyarsa na amsa sunan har yau. Mako biyu na ɓata ina ƙoƙarin ɗaura igiyar gidanmu a jikin wannan gida, ina lissafin shekaru, ina cewa wataƙila wani ɗan sarki ne ya yi fushi ya bar gari. Ko zare ɗaya ban samu ba.

Kuskurena na farko shi ne da intanet na fara. Shafukan da ke ba da ma'anar sunayen dangi da yawan masu amsa su an gina su ne a kan tsarin Turawa, inda suna ɗaya ke bin gida ɗaruruwan shekaru. A Ingila abin ya soma kankama bayan zuwan Normawa, mutanen arewacin Faransa, a 1066, har sunan sana'a irin Smith, wato maƙeri, ya zama gado ko ga wanda bai taɓa riƙe guduma ba. A Turkiyya ma doka aka kafa a 1934 ta tilasta wa kowane gida ya zaɓi sunan dangi. Mu kuwa suna yana sauyawa ne da kowane ƙarni: ɗa ya ɗauki sunan uba, jika ya ɗauki na ɗan. Ma'aunin wani na ɗauko ina awon kayanmu.

Da na gaji na je wurin Baffa, ƙanen mahaifina. Bai ja zancen ba. Ya ce, "Mu maza gonaki da iyakoki muka riƙe. Maganar haihuwa da suna, je ka wurin Gwaggonku."

Gwaggo ita ce babba a ɗakinsu, ta haura tamanin. Na yi kuskure na biyu a nan: na gaishe ta, na ajiye waya a gabanta na kunna naɗar murya, na ce, "Gwaggo, mene ne sunan mahaifinku na yanka?" Ta dubi wayar, ta dube ni, ta shiga tambayata lafiyar mai jego. Ranar ban samu komai ba, kuma laifina ne. Matar da ba ta taɓa furta sunan ubanta ba tun da aka haife ta, ni na zo da na'ura ina so ta karya alkunyar shekara tamanin cikin minti ɗaya.

Bayan kwana uku na koma hannu rabbana, na zauna a bakin tabarmarta muna hirar duniya. Can na ce mata mutane suna cewa mu jinin sarautar Yawuri ne. Ta yi dariya har da tari.

"Kai Babana, wace sarauta? Ai sunan Malam kai ne da shi, shi ya sa ba na kiran ka da shi. Wancan ɗayan kuwa roƙo ne. Faɗe shi a hankali ka ji."

Na faɗa a hankali. A bar shi.

Na yi shekara talatin da wani abu ina furta shi a dunƙule, ban taɓa jin kalmomi uku ne ba. Gwaggo ta ce kakarta, mahaifiyar kakana Malam, wabi ta yi ta yi. Ta haifi huɗu a jere, babu wanda ya kai yaye. Da aka haifi na biyar, wato Malam, aka yanka rago aka raɗa masa suna irin na Musulunci, amma tsofaffin gidan suka laƙaba masa Abarshi, wato Allah Ya bar mata wannan. Da mace ce da Abarta za a ce. Wani gidan kuma Ajuji suke sawa, a nuna kamar ba a damu da yaron ba, an yar da shi a juji, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Na tambaye ta me ke kashe yaran, ta ce, "Me ba ya kashe su? Agana, ƙyanda, zazzaɓin damina." Agana dai sai a 1980 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya, ita kuwa Gwaggo ta ga masu zanenta a fuska da idonta.

Nan na fahimci abin da ya sa ake samun Abarshi a garuruwan da ba su haɗa komai ba. Duk inda uwa ta binne 'ya'ya a jere, akwai yiwuwar a samu mai wannan suna. Haka Tanko yake, namijin da ya biyo bayan mata. Haka Gambo, mai bin tagwaye. Cindo, mai yatsa shida. Shekarau, wanda ya daɗe a ciki. Sunaye ne masu ba da labarin yadda aka zo duniya, ba su nuna gidan da aka fito. Tanko biyu za su haɗu a mota ɗaya, babu abin da ya haɗa su sai cewa kowannensu yayyensa mata ne.

To ta yaya laƙabin ya hau takarda? Baffa ne ya cike mini wannan gurbin daga baya. Ba da daɗewa da samun 'yancin kai a 1960 ba aka kai mahaifina makarantar boko. Malamin da ke rubuta sunaye ya tambaye shi sunan uba, yaro ya sunkuyar da kai, don ɗa ba ya faɗin sunan ubansa a bainar jama'a. Wani dattijo da ke tsaye ya ce, "Ɗan gidan Abarshi ne." Aka rubuta. Shi ke nan. "Tsohon sunan danginmu" da nake taƙama da shi bai wuce shekara sittin da ɗoriya a takarda ba, kuma wanda ya zaɓa mana shi ba ma ɗan gidanmu ba ne.

Ban ji kunya sosai ba da na lura manya ma ta irin wannan ƙofa suka shigo. Makarantar boko ta so suna biyu, da yawa suka ba da sunan garinsu: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sardauna kansa Ahmadu Raba ake ce masa a Kwalejin Katsina kafin ya koma amsa Bello, sunan kakan mahaifinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga Tata ya samo nasa, matar da ta raine shi. Ga shi yau sunan mai raino ya zama na ɗaya daga cikin manyan gidajen kasuwanci a Najeriya.

Batun yawan masu sunan kuwa, na daina yarda da duk wata ƙidaya. A gidanmu kaɗai, jikokin Malam suna amsa sunaye uku: mu Abarshi, 'ya'yan Baffa sunan Malam na yanka, wani ɗan'uwanmu kuma sunan gari. Mai ƙirga mu a kwamfuta gida uku zai gani. A ɗaya ɓangaren kuma zai tattara mu da mutanen Yawuri ya ce dangi ne. Ga kuma bambancin rubutu, da ya taɓa sa na yi jeka-ka-dawo a wani ofis saboda harafi ɗaya. Abin da na lura da shi da idona shi ne, ban san jariri ko ɗaya da ake kira Abarshi yanzu ba. Laƙabin yana ɓacewa daga bakin mutane, amma tun da lambar banki ta BVN ta zo a 2014, ga kuma ta shaidar ɗan ƙasa, NIN, ya daskare a takardu, don sauya suna ya zama aiki.

Kafin in tashi ranar, na roƙi Gwaggo ko tana tuna sunayen yaran nan huɗu. Ta ƙirga uku a yatsunta, maza biyu da mace ɗaya, yadda ta ji daga bakin kakarta. Na ce saura ɗaya. Ta ce, "Wannan bai kai kwana bakwai ba, Babana. Ba a raɗa masa ba."

Da na koma gida na warware takardar na rubuta wa yarinyar Abarshi. Sunayen ukun kuma na rubuta su a wata 'yar takarda na haɗa da ita, na ja layi a wurin na huɗun.