Inda muka kwana kan na'urar ƙamshi ta darasin VR

'Yan uwa masu koyo, ga inda aiki ya tsaya kan na'urar da muke haɗawa don ta fesa wa ɗalibi ƙamshi yayin da yake darasi sanye da tabarau na VR, wato wanda ke nuna wa mutum duniyar da kwamfuta ta zana kamar yana cikinta. Fesa ƙamshi ya zo da sauƙi. Kwashe shi bayan ya gama aikinsa ne ke ba mu ruwa har yanzu.

Ga kayan haɗi: allon ESP32 (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa na'urar), ƙaramar fanka mai milimita 40 da ke cin volt 5, da faifan feshi irin na cikin na'urar jiƙa iskar ɗaki, mai faɗin milimita 16, wanda ke kaɗawa kusan sau 113,000 a daƙiƙa. Lagwanin auduga ne ke janyo ruwa daga kwalba zuwa bayan faifan. Kada ku jona fanka kai tsaye da ƙafar ESP32. Volt 3.3 take bayarwa, kuma ba za ta iya ɗaukar nauyin ba. Ku sa taransisto irin MOSFET a tsakani, wato makunnin da allon ke kunnawa da kashewa, da dayod (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) a gicciye kan fankar don tare wutar da ke dawowa idan an kashe.

Darasin na kimiyyar sinadarai ne. A cikin Unity, manhajar da ake gina darasin VR da ita, mun zagaye kwalbar gwaji ta cikin darasin da da'irar da ido ba ya gani. Da ɗalibi ya sunkuyo da kai cikin da'irar, sai saƙo ya tafi ta Bluetooth, faifai ya fesa isoamyl acetate, sinadarin nan mai ƙamshin ayaba.

Zallar man ƙamshi na toshe ramukan faifan, don sun fi silin gashi ƙanƙanta. Abin da ya yi mana aiki: ɗigo 2 a mililita 5 na ethanol, a girgiza, sannan a cika da tataccen ruwa zuwa mililita 50. Mai son ƙamshin ɓawon lemu ya sani limonene, sinadarin da ke cikin man ɓawon, na cin robar polystyrene, sai kwalbar gilashi.

Tiyon silikon kuwa ku manta da shi. Yana shan ƙamshi ya riƙe, gobe kun zuba lemu kuna jin ayaba. Tiyon robar Teflon ya fi, kuma kowane ƙamshi da nasa faifai, lagwani da bututu.

Bakin bututu ya zauna ƙasa da haɓa, kamar santimita 10 daga hanci, ya ɗan kauce wa tabarau, in ba haka ba raɓa ta lulluɓe gilashin. Feshin rubu'in daƙiƙa ya isa. Hanci na saurin sabawa: ƙamshi ya ɗan daɗe, sai a daina jin sa alhali yana nan, mai gwaji ya zaci na'ura ta lalace ya ƙara feshi, ɗaki ya turnuƙe. Shi ya sa muka hana na'urar sake fesawa sai bayan daƙiƙa 40, ko da ɗalibi ya koma cikin da'irar.

Kafin kowa ya sa tabarau a tambaye shi ko yana da asma ko ƙamshi na tayar masa da ciwon kai, kuma a bar maɓallin kashe feshi a hannunsa.

Gwaji na gaba: fanka ta biyu mai zuƙo iska ta cikin gawayin tace iska, ta kunnu daƙiƙa 2 bayan feshi. Gawayin na rage ƙarfin iska sosai, don haka da siririn shimfiɗi na santimita 1 za mu fara.