Wurga kwandala a ƙwallon jami'o'in Amurka ba sa'a ce kawai ba

Jama'a yau dai ba zancen Pillars zan yi ba, ba kuma Firimiya ba. Ƙwallon Amurka nake so mu taɓa, wacce ake rungumewa a gudu da ita, kuma ta jami'o'i da ake bugawa duk Asabar, wasannin farko suna faɗowa wajen biyar ko shida na yamma agogon Kano, manyan kuma sai tsakar dare in kana da data da caji. Abin da ya fi ɗaukar min hankali a ciki shine minti ɗayan nan da mutane suke tashi ɗebo ruwa, lokacin da rafali zai wurga kwandala.

A tamu ƙwallon wanda ya ci kwandala tun 2019 zai iya zaɓar ragar da yake so ko ya ce shi zai take, shikenan an wuce wajen. Can kuwa ba haka bane, kyaftin ɗin baƙi ne yake kiran fuskar da yake so, wanda ya ci yana da zaɓi: ya karɓi ƙwallo, ya buga wa abokan karawa, ya zaɓi ɓangaren fili, ko kuma ya ce ya ɗage zaɓinsa sai an dawo hutun rabin lokaci. Wannan na ƙarshen shi yawancin kociyoyi suke so kuma ni wallahi ina bayansu.

Dalili kuwa, in ka ɗage, dole waɗancan su ce sun karɓa, kai kuma ka zaɓi ɓangare, sannan bayan hutu ƙwallo taka ce. To ka ga in Allah ya sa kai ne kake riƙe da ita a ƙarshen zagayen farko ka ci maki, aka shiga ɗaki aka fito ka sake karɓa ka sake ci, ka zura musu sau biyu kenan su ko taɓa ƙwallon basu yi ba, maki 14 na iya shiga tsakani tunda duk kai ƙwallo gidan abokan karawa da bugun da ke biyo baya maki 7 ne, alhali 'yan gabansu suna zaune a benci. Ga kuma koci ya riga ya ga rabin wasa, ya san inda bayansu yake yoyo kafin ya shirya harin farko na dawowa. Sai maganar iska, wacce duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin unguwa cikin hunturu ya san me nake nufi. Wasan kashi huɗu ne, kowace kwata minti 15, kuma ana juya fili a ƙarshen kwata ta ɗaya da ta uku, saboda haka mai lissafi yana duba wace kwata yake so iska ta kasance a bayansa.

Amma fa akwai rami. In aka ɗage maka zaɓi ka yi kuskuren cewa zaka buga, ka kyautar da ƙwallon sau biyu. Ya faru da Teksas a 2014 da suka haɗu da jami'ar UCLA, UCLA suka ɗage, Teksas suka zaɓi bugawa, UCLA suka karɓa a farko suka karɓa bayan hutu, suka kuma ci wasan 20 da 17. Tazarar maki uku! Ni na tausaya wa yaran, ɗalibai ne fa, ga dubban mutane suna ihu.

Inda kwandala ta fi nauyi shine ƙarin lokaci, wanda manyan jami'o'i suka fara amfani da shi a 1996. Kowa ana ba shi ƙwallo daga yadi 25, kuma kusan kullum wanda ya ci kwandala tsaro yake zaɓa da farko, dan ya san nawa ake binsa. In waɗancan basu ci komai ba, bugun maki 3 ya ishe ka, in sun kai gida sun ci 7 ka san duk damar nan huɗu da ake ba ka dan ka matsa yadi 10 sai ka yi amfani da su, ba zancen bugu. A wasan ƙarshe na kofi a Janairun 2018 Jojiya ce ta fara riƙe ƙwallo ta ci 3, Alabama suka shigo sun san abin da zai raba gardama, aka kayar da mai jifansu Tua Tagovailoa can baya, jifa na gaba ya samu DeVonta Smith daga yadi 41 ya kai gida, Alabama suka ci 26 da 23.

Abin da bana so shine gyaran da aka yi bayan jami'o'in Teksas A&M da LSU sun yi zagaye bakwai a 2018 aka tashi 74 da 72. Na yarda yara suna gajiya, ana jin ciwo, amma tun 2021 daga zagaye na uku ba sauran hari daga yadi 25, kowa dama ɗaya tak ta maki 2 daga yadi 3. A shekarar Ilinoi suka ci Penn State 20 da 18 sai da aka yi zagaye tara. In an kai nan zuwa na biyu bai ƙara maka komai ba tunda abu ɗaya kowa zai yi, ni da za a tambaye ni da an bar tsohon tsarin ko zuwa zagaye na huɗu ne.