Tarihin Rayuwata Da Allura Da Zare, Kashi Na 9: Bargon Umma Ya Kai Hawa Uku

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa a wannan makon. A kashin da ya wuce mun tsaya ne inda na gama ɗan bargon jaririn nan mai gida tara-tara na miƙa wa masu shi, kuma nace muku zan dawo kan babban aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato bargon da nake haɗawa da kayan Umma, Allah ya jiƙanta da rahama. To alhamdulillahi fuskar sama ta kammala, har na shimfiɗa hawa ukun, wato fuska da auduga da shafin ƙasa, na fara bi da allura. Amma kafin mu zo nan sai na koma baya kaɗan, don ba da sauƙi almakashi ya hau kayan nan ba.

Ranar da na fara faɗa wa Yaya niyyata shiru tayi tana kallona, can tace "Auta, yanzu ke almakashi zaki sa wa kayan Umma?" Ni kaina da ta faɗa sai da gabana ya faɗi. Ban ja da ita ba, akwatin kawai na janyo na buɗe, na ɗago riga ɗaya na ware ta a gabanta. Duk inda ninki ya bi ya yi layi fari, wani wajen ma ya fara tsagewa da kansa ba wanda ya taɓa, saboda haka yadin auduga yake idan ya shekara da shekaru a ninke wuri ɗaya, zaren ne ke karyewa a kan ninkin. Nace "Yaya ki duba, ko mun bar su ƙarewa suke yi a hankali, gara su ƙare a jikinmu muna lulluɓa." Ta juya rigar ta sake juyawa, sannan tace ta yarda amma da sharaɗi ɗaya, koren zanen nan mai ganye-ganye da Umma ta fi so ba za a yanka shi ba ko ƙyalle ɗaya. Nace na ji, kuma na riƙe alkawari, zaku ji inda ya shiga.

Tsarin da na zaɓa shi ne wanda masu wannan sana'a ke kira log kabin, tsohon tsari ne da ya yi tashe a Amurka tun wajajen shekarun 1860. Ɗan murabba'i ake sawa a tsakiya, yawanci ja, suna cewa murhun gida ne, sai a riƙa kewaye shi da siraran ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, ɓangare biyu masu haske ɓangare biyu masu duhu. Dalilina na zaɓarsa bai wuce cewa sirara yake ci ba, kuma tsohon kaya sirara kawai zaka samu a cikinsa in ka kauce wa wurin da ya mutu. Na yanka tsakiyar inci biyu da rabi, sirarar inci ɗaya da rabi, in aka ɗinke tsakiya ta koma inci 2 kowace sirara inci 1, zagaye uku, kenan kowane gida inci 8 ne kuma ƙyalle 13 ne a cikinsa. Gida 80 na yi, takwas a faɗi goma a tsawo, fuskar ta tashi inci 64 da 80. Ku lissafa da kanku, ƙyalle 1,040 kenan, kuma mafi yawansu na san rigar da suka fito.

Yanka kam Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro wuƙar nan mai taya, kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da ita a 1979, ka ɗora rula ka murza sau ɗaya ta yanke maka hawa huɗu a miƙe. Sai dai kayan Umma basu yarda da gaggawa ba. Wasu sun sha wanki sun yi laushi kamar takardar da ta jiƙa, kana ja suna miƙewa, ga su ba kauri ɗaya ba. Abin da ya cece ni shi ne dabarar mutanen da, domin su ma a kan wani farin ƙyalle marar nauyi suke ɗinka log kabin ɗinsu, shi ne ke riƙe komai ta ƙasa. Haka na yi, na yanka farin yadi mai shara-shara gida-gida, na fesa wa tsofaffin sitati na goge su suka ɗan yi ƙarfi, sannan na riƙa ɗora sirara ina ɗinkewa ina buɗewa ina danna dutsen guga. Dannawa fa nace, ba a jan guga a kan wannan aikin, ka ɗora ka ɗaga ka ɗora ka ɗaga, in ka ja ƙyallen zai karkace ya ƙi komawa.

Sabbin shiga kullum tambayarsu ɗaya ce, wai me yasa ake ta nanata kwatan inci a bakin ɗinki. Ga dalili. A faɗin gida ɗaya ɗinki shida ne, idan ɗinkinki ya zarce da milimita ɗaya tak to ya ci daga ƙyallen dama ya ci daga na hagu, biyu kenan, sau shida ya zama milimita 12 a gida ɗaya, ki jera takwas ki ga inda zaki tsaya. Ni salatif na liƙa a jikin keke daidai kwatan inci daga allura, hawa-hawa har ya yi ɗan tudu, bakin ƙyalle na bin jikinsa, ban sake zato da ido ba. Jan tsakiya kuwa sabo na saya don Umma bata cika sa ja ba, kuma sai da na wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fito fes, don ja ba amana gare shi ba wajen zuba.

Jera gidajen ya fi komai cin raina da daɗi a lokaci ɗaya. Gida ɗaya ne amma yadda ka juya shi haka hoton bargon ke canzawa, ko ya zama layuka a karkace ko ya zama zagaye-zagaye daga tsakiya suna faɗi. Na shimfiɗa su a ƙasa na hau kujera na ɗauka da waya na mayar da hoton baƙi da fari, a nan ne zaka ga gaskiyar wanda yake duhu da wanda yake haske, don ido yana bin kala ya ruɗe ka. Wani ruwan toka da na rantse mai haske ne ashe a hoton tare yake da masu duhu. Na tsaya a kan zagaye, duhu ya kewaye haske, haske ya kewaye duhu, har gefe.

Akwai wata sirara da ta tsayar da ni. Daga hannun wata shuɗiyar riga ta fito, daidai gwiwar hannu, wurin ya koɗe har ya kusa fari, ga wani ɗan faci da Umma tayi da hannunta da zaren da bai ma dace da kalar ba. A ƙa'ida irin wannan wurin kaucewa ake yi. Na ajiye shi gefe na ci gaba, amma idona na kai. Abin da ya yanke min shawara matan Gee's Bend ne, wani ɗan ƙauye a jihar Alabama ta Amurka inda kogi ya kusa kewaye su, baƙaƙen fata ne jikokin bayi, a da cikin talauci, da tsofaffin tufafin aikin gona suke haɗa barguna don sanyi ba don ado ba. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston daga nan aka kai New York, a 2006 har kan sarki aka buga da hoton bargunansu. A cikinsu akwai Missouri Pettway, wadda mijinta ya rasu ta tattara tufafin aikinsa ta haɗa bargo da su a 1942, in ka kalli hotonsa zaka ga inda wando ya koɗe da tabon da bai fita ba, bata ɓoye komai ba. Wallahi na daɗe ina kallon hoton nan. Na ɗauko sirarar na sa mata ƙarin ƙyalle ta ƙasa don ta yi ƙarfi, na ɗinka ta a gida na kusa da tsakiya inda duk wanda ya lulluɓa hannunsa zai sauka. A ganina duk bargon nan babu wurin da ya kai shi, ɗinkin hannun Umma ne da kanta a ciki.

To yanzu maganar hawa uku. Bargo irin wannan fuska ce a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, kuma auduga da shafi dole su fi fuskar da kamar inci 4 ta kowane gefe saboda aiki na tafiya suna shigewa. A shafin ne koren zanen Umma ya samu wuri. Shi kaɗai bai kai ba, sai na sa shi a tsakiya ɗungurungum yadda yake, na kewaye shi da sabon yadi ruwan madara. Almakashi bai taɓa shi ba. Da na aika wa Yaya hoton bata ce komai ba, washegari sai gata da kanta.

Tare muka yi shimfiɗar. Shafi ya fara kwanciya fuskarsa na kallon ƙasa, muka ja shi ya miƙe ba tare da mun ɗame shi ba, muka liƙe gefensa da salatif, sai auduga, sai fuska, muna shafawa da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Daga nan sai fil mai makulli, kowane faɗin tafin hannu ɗaya, a durƙushe, ka soka ka tabbatar ya kama hawa ukun ka fito ka rufe. Aikin nan ba daɗi, gwiwa ce da baya ke biya, amma wanda ya yi rowar fil a nan zai ga tattara a bayan bargonsa. Yaya na sokawa tana nuna min sirara da yatsa, "Auta wannan ba ita ce rigar da take sawa in za ta kai mu makaranta ba?" Nace ita ce. Ta matsa gaba ta sake gano wata. Muka yi dariya, muka yi kuka, fil ɗin dai muka ci gaba da sawa.

Da keke zan iya gama ɗinkin saman cikin ɗan lokaci in na sa ƙafar nan mai jan yadi sama da ƙasa tare, amma ban so ba, tsofaffin ƙyallen nan ban yarda haƙoran keke su yi ta jan su ba, kuma gaskiya ba sauri nake da wannan bargon ba. Log kabin yana da wahalar ɗinkin hannu saboda yawan mahaɗa ga kuma farin yadin ƙasa, shi yasa ma da yawa daga na da ɗaurewa kawai ake yi da zare wuri-wuri. Ni sai na bi tsakiya, ɗinki mai manyan taku da zare mai kauri lamba 8, irin yadda matan Bengal ke bin tsofaffin sari da ɗinkin kantha, ina bin tsakiyar kowace sirara inda babu mahaɗa.

Ga yadda hannu ke yi. Zare kar ya wuce tsawon daga yatsa zuwa gwiwar hannu da ɗan ƙari, in ya fi haka sarƙewa yake. Ki ƙulla bakinsa, ki soka allura nesa kaɗan da inda zaki fara, ta bi cikin auduga kawai ta ɓullo, sai ki ɗan fizga har ki ji ƙullin ya yi ɗan ƙara ya shige ya ɓace a ciki. Hannun hagu na ƙasa, yatsa na jiran bakin allura, da ya ji ta sai ya tura ta sama, hannun dama da ɗan ƙarfen yatsa na turawa, taku uku ko huɗu a kan allura kafin ki ja. Yatsan ƙasan nan sai ya sha suka kafin ya yi kanta, ba yadda za a yi. Daidaituwar taku ta fi ƙanƙanta muhimmanci, ni dai manya nake yi amma ina ƙoƙari su zo ɗaya. Ina juya bayan naga farin zare ya fara zana murabba'i a kan koren ganyen nan.

Sauran ayyuka duk sun tsaya. Jakar nan mai ƙyallaye kusurwa shida da nake naɗewa a kan takarda tana nan rabi a gwangwani, labulen ɗaki ma kalmasa kawai ya rage amma ban waiwaye shi ba. Gidajen tsakiya na gama, na fara fita zagaye na biyu. Yaya ta tafi da ragowar sirarar a leda, tace in koya mata ta yi matashin kai guda biyu, ita da bata taɓa zama gaban keke ba, mun yi da ita ranar Asabar zata fara da ɗinka layi miƙaƙƙe a kan takarda ba zare. Yadda muka kwashe da ita, da maganar ɗaurin bakin bargon wanda har yanzu ina tsakanin ja da shuɗi mai duhu, sai a kashi na 10 in sha Allah.